Sojoji Arba'in Marasa Ido

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jira a faɗa min dalilin da ya sa babu sunana a katin gadar nan. Ni na yi gadar. Ni na yanka kumfar kwalin firiji na fitar da duwatsunta ɗaya bayan ɗaya da bakin reza, dutse ɗari shida da ɗoriya. Kogin da ke ƙarƙashinta sau huɗu ina shafa gam ina jira ya bushe kafin ya yi kama da ruwa. Itatuwan bakin kogi da wayar birki na murɗa su, ganyen kuwa soson wanka ne na niƙa na rina. Wata bakwai cur. Aka kai tebur gasa ya ci kofi, aka kafa kati a gefensa da sunan abokin aikina Akawu shi kaɗai. Katin yana nan har yau a bangon ɗakin ƙungiya, cikin gilashi, ana goge masa ƙura.

Lokacin ban iya karatu ba, Tela, ɗan ƙungiyarmu, ne ya karanta min, sai da na sa shi ya maimaita. Daga nan na ce wa tsohuwa, matata, ta koya min baƙi, shafi ɗaya kullum bayan cin rana, don kada wani ya sake karanta min kati. Ga rubutun nan, a karkace yake amma nawa ne.

Duk wanda ya tsinci littafin nan ya sani: mu takwas ne, muna haɗuwa duk Asabar a ɗakin da ke saman shagon mai ɗab'i. Mu jera sojojin dalma a tebur, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, Ja a nan Shuɗi a can, a auna tafiya da tef, a jefa ƙwayar ludo, a yi yaƙi ba jini. Ni ke riƙe da Ja, Akawu Shuɗi. Tun ranar katin ban sake yi masa magana ba. In zan kai hari sai in ce, Ciyaman, gaya wa Shuɗi dawakaina sun shigo ta hagu. Shi kuma ya ce, Ciyaman, gaya wa Janar na gani. Ciyaman ya ce shi ba ɗan aike ba ne, amma yana faɗa.

Yau kujerarsa ba kowa. Asabar ta biyu ke nan. Ban tambaya ba.

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Auta ta zo, 'yar Akawu ta ƙarshe, wadda ke koyarwa yanzu. Rabonta da gidan nan tun tana sa kayan makaranta. Ta gaishe ni Baffa kamar jiya muka rabu, ta ajiye gwangwanin biskit a kan bencina, a kan buroshina ma, sai da na janye su.

Sojoji arba'in ne a ciki, dalma tsirara, ko wanke su ba a yi ba. Na gane su. Masu gadin gada ne, waɗanda muka aika a kawo mana tare kafin gasar, suka iso bayan mun ɓata. Ashe suna wurinsa duk shekarun nan.

Ta ce babanta yana so in yi musu fenti. Na ce in yana so ya buɗe baki ya roƙe ni da kansa. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta zo ta ja ta kicin, suka daɗe, famfo yana ta zuba ba abin da ake wankewa.

Da ta tafi tsohuwa ta tsaya a kaina ta ce, “Ka san abin da ka faɗa kuwa?” Wai Akawu yana asibiti, bakinsa ya daina magana, ya ɗora hannun hagu a kan gwangwanin, Auta ta yi ta kiran sunayen mutane ɗaya ɗaya, da ta zo kaina ya gyaɗa kai.

Akawu ba bahago ba ne.

Talata, 5 ga wata, da safe

Ban buɗe gwangwanin ba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe uku

Na buɗe ne don in ga ko dalmar ta ci kanta, shi ke nan. Tsohuwar dalma in ta daɗe a rufe takan yi fari ta marmashe. Ba ta yi ba. Amma zubin banza ne, kowane soja da zare tun daga hula har takalmi, inda bakin mazubi ya haɗu. Mutum ba zai ga wannan ya kau da kai ba. Na ɗauki ɗan magagari na kankare guda ɗaya don in ji taushin dalmar. Kafin tsohuwa ta kira ni cin abinci na kankare goma sha huɗu.

Akwai wata tsohuwar takarda a ninke a ƙasan gwangwanin, ya shimfiɗa don kada su karce. Ban taɓa ta ba. Takardar Akawu ba ta taɓa kawo min alheri ba.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Na wanke su da sabulu da tsohon buroshin haƙori, na shanya a taga. Na manna kowanne a kan wosha, ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa noti, na shafa gam na barbaɗa yashi don ya zama ƙasa. Bindiga uku sun lanƙwashe na miƙe su. Wuƙar bakin bindiga ɗaya ta karye, na sa allura. Shafen farko baƙi na yi, don shuɗin fenti ba ya son fari a ƙarƙashi, sai ya fito kamar rigar 'yan makaranta. Shekara talatin da biyar ina fesa wa motocin mutane fenti a gareji, ba wanda zai koya min abin da ke zama a kan me.

Tsohuwa tana zuwa can kullum da flas. In ta dawo sai ta tsaya a ƙofar ɗakin aikina tana ba bango labari. Wai an canza masa ɗaki. Wai yana gane mutane. Wai ya rame.

Ai dama can ba ƙiba gare shi ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je ƙungiya. Ciyaman ya ba Tela Shuɗi ya riƙe. Tela mutumin kirki ne amma yaƙi ba ɗinki ba ne. Ya jera igwa a fili a bakin kogi kamar mai shanyar wanki. Na ce Ciyaman, gaya wa Shuɗi ba a ajiye igwa a nan. Tela ya ce ai ga ni a gabanka Janar, ni muna magana. Aka yi dariya. Na ce mai Shuɗi na gaskiya da a bayan tudu zai ɓoye ta, ya bari sai dawakaina sun hau gada sun cushe sannan ya buɗe wuta. Sau nawa ya yi min haka.

Cikin minti arba'in na ƙwace gadar. Ban taɓa ƙwace ta ƙasa da awa uku ba. Ba daɗi.

Ana tattara kaya Ciyaman ya ce gobe za su je su duka, akwai wuri a motarsa. Na ce ina da aiki. Ya ce aikin wa? Na ce aikin mutane. Ya daɗe yana kallona, ya ce Janar, ka rage tsawon igiyar nan. Na ce ya fara amsa min maganar kati tukuna. Ya ce in zauna ya faɗa min. Na ce na san abin da zai faɗa, na ɗauki hulata.

Litinin, 11 ga wata, da hantsi

Na fara riguna. Shuɗi mai duhu tukuna, sai mai haske a kafaɗa da gwiwar hannu inda rana za ta taɓa. Buroshin da nake ji da shi ya fara baza gashi, na gyara bakinsa da leɓe. Tsohuwa ta ce wata rana fenti zai kashe ni. Na ce ai ya makara.

Wani abu ya tsaya min. Tun da muka fara wannan harka ni ke yin komai na soja, riga da ɗamara da fuska, amma ido na Akawu ne. Hannun akawu ne da shi, wanda ya saba da ɗigon alƙalami. Sai ya feƙe tsinken sakace, ya taɓa baƙin fenti, ya riƙe numfashi, ɗis, ɗis. Soja ya buɗe ido. Yakan ce sai yanzu ya shiga aiki. Na gwada sau ba adadi, nawa sai su fito kamar wanda ya ga maciji.

Tun da muka ɓata sojojina ba su da ido. Ina sa ɗan duhu ƙarƙashin hula in wuce. In an tambaya sai in ce daga tsaye wa ke ganin ido a tebur. Gaskiya ce kuma.

Waɗannan arba'in fa?

Talata, 12 ga wata, da yamma

Riga ashirin. Baya yana ciwo. Ta ce ya sha cokali uku. Ban tambaye ta ba.

Alhamis, 14 ga wata, bayan cin rana

Mun yi faɗa da tsohuwa. Ina cikin jan farar ɗamara, aikin da ba a numfashi a kansa, ta shigo ta ce wai har yaushe. Na ce har ranar da za a faɗa min dalili. Ta ce, “Ranar da ya kawo maka takarda gareji fa, Janar?” In ta ce Janar to ba yabo ba ne. Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce ita wannan take magana. Ɗamarar ta karkace sai da na goge.

To bari in rubuta yadda aka yi, tunda ana so a juya zance. Ana saura kwana biyu a rufe shiga gasar ya zo gareji da fom. Ina tsakiyar fesa ja a ƙofar wata mota, mai motar yana tsaye, makanikai uku suna zaune a benci. Ya miƙo min takarda da biro a gabansu, ya nuna wani layi da yatsa ya ce, nan, Janar. Wai dokar masu gasar ce kowa ya rubuta sunansa da hannunsa. Shekara ashirin muna tare, ya san hannuna bai taɓa riƙe biro ba. Makanikan ba su sani ba. Mai motar bai sani ba. Duk suka zubo min ido.

Na ce hannuna da fenti, ya tafi da takardunsa. Takardar ta faɗi ƙasa. Faɗuwa ta yi.

To ko da jefarwa na yi. Wa ya fara? Wa ya tsayar da dattijo gaban mutane da biro? Ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe, ya tafi. Daga baya ya karɓo wani fom ya cike shi kaɗai. Ya zo gida sau biyu bayan gasar, na ce a ce ba na nan.

Wannan ba amsa ba ce. Amsar da nake so ita ce me ya sa ya so ya tozarta ni.

Asabar, 16 ga wata, da la'asar

Ban je ƙungiya ba. Tuta nake yi.

Da gwangwanin madara nake yanka tuta in lanƙwasa ta kamar iska na kaɗa ta. A da in an zo rubutun tuta Akawu ke zana baƙaƙen da fensir, siriri, da ƙyar ake gani, ni kuma in bi sawun da buroshi. Tuta ta fi sittin muka yi haka, ban san abin da ke jikinsu ba sai ya faɗa. Wata rana ya zana Janar Mai Faɗa a tutar Ja, na bi da ruwan zinare har ina yaba kyanta, aka yi wata guda ana min dariya. Yau ni na zana da kaina. GADA. Baƙi huɗu, sau uku ina gogewa.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar

An wuni ana ruwa. Bango ya yi sanyi, gishiri ya jiƙe a kwano.

Auta ta bugo waya, ta ce a ba ta Baffa. Ta tambayi aiki, na ce saura banish, ruwan kariyar da ake fesawa a ƙarshe don kada hannu ya cinye fenti. Ta ce, “Baffa, in da hali gobe.” Na ce aiki ba ya son gaggawa. Ta ce likita ya kira su ofis ɗazu, ita da yayanta. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwa bai ɗauke ba. Yayyafi ne dai. A baranda zan fesa, iska na ratsawa.

Litinin, ƙarfe tara

Sun yi fari. Duk arba'in ɗin.

Litinin, da rana

Ba a fesa banish ana ruwa. Ni na kafa dokar nan a ƙungiya. Danshi yana shiga ƙarƙashinsa ya daskare, soja ya fito kamar an tsoma shi a gari. Shekara shida da suka wuce Tela ya yi wa dawakai goma haka, na yi masa tatas gaban kowa, na ce ko jaki ya san wannan. Yau ga su a jere a kan allo, shuɗin ya tafi, ɗamara da fuska duk sun zama abu ɗaya. Kwana goma sha biyu na aiki. Kamar fatalwa, kuma ba ido.

Tsohuwa ta leƙo ta gani. Ta juya ta koma kicin.

Talata, 19 ga wata, da yamma

Maganinsa ɗaya ne: a bi kowanne da banish mai sheƙi, da buroshi, siriri, sai farin ya narke launi ya dawo. Nawa ya bushe a kwalba. Tsohuwa ce ta kira Tela, ba ni ba. Ya zo da nasa cikin leda, ya tsaya ya kalli allon ya ce, Janar, wa ya yi wannan aika-aikar? Na ce iska ce ta juya. Na jira ya rama maganar jaki. Bai rama ba. Ya cire takalmi ya ja kujera, yana miƙo min ɗaya ɗaya ina shafawa. Shuɗin yana dawowa kamar mai farfaɗowa daga suma.

Mun gama arba'in kafin duhu. Ya ce jiya sun je, bai buɗe ido sosai ba. Na ce ya kula da gwiwar hannunsa kada ya ture min tuta.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Ba su bushe ba. In ka taɓa sai yatsa ya fito a jiki. Na kunna musu fanka.

Tsohuwa ta sa mayafi ta ce in tashi mu tafi haka nan, ba soja yake jira ba. Na ce ban taɓa kai aiki ɗanye ba, ba kuma zan fara a kansa ba, ya samu abin faɗa. Ta ce da wane bakin. Ta tafi ita kaɗai.

Da na bari ruwan ya ɗauke, da jiya na kai su.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Na je.

Na naɗe kowanne da auduga na jera a gwangwaninsa. Na sa tsinken sakace da 'yar kwalbar baƙi a aljihu, ban san dalili ba. Hawa na biyu, gado na ƙarshe kusa da taga. Na wuce shi sai da Auta ta kira ni. Ban ɗauka shi ne ba. An aske masa gemu, wanda ya yi askin bai san inda yake barinsa ba.

Na jera su a kan teburin cin abincin da ake turowa kan gado, sahu huɗu, mai tuta a gaba. Na ce Auta, gaya wa Shuɗi ga masu gadinsa sun iso. Ta faɗa masa. Idonsa ya bi sahun ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi in yana neman inda na yi kuskure. Gefen bakinsa ɗaya ya motsa. Na ce Auta, gaya masa sheƙin ya yi yawa na sani, ba sai ya faɗa ba. Sai yarinyar ta ɗauki flas ta ce za ta nemo ruwan zafi. Flas ɗin a cike yake, na ga nauyinsa da ta ɗaga. Ta fita ta ja labule.

Ba Ciyaman, ba Auta. Na daɗe ina kallon taga.

Na ce, “Akawu.”

Ya juyo ido.

Na ce, “Me ya sa ka miƙo min biro gaban mutane?”

Ya yi ƙoƙari. Na ga wuyansa yana aiki, abin da ya fito ba magana ba ce. Sai ya ɗaga hannun hagu ya kai kan gwangwanin, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya sake. Na ce ai duk na fito da su, arba'in cif, ƙirga. Ya sake ƙwanƙwasawa. Na ce to ido kake so ka sa? Na fito da tsinke na taɓa baƙi na saka masa a yatsu, na riƙe masa wuyan hannu, na kawo mai tuta kusa. Hannun ba nauyi. Na ce riƙe numfashi. Ɗis.

Ido ɗaya, na dama, ƙato, ya gangaro kan kunci. Ko ni na fi haka. Na faɗa masa. Na ce Akawu, wannan ai ko ni na fi haka. Ƙirjinsa ya yi wani tsalle, ina jin dariya ce. Ruwa ya gangaro masa ta gefen ido, na goge da audugar soja.

Ya sake kai hannu kan gwangwanin. Nas ta shigo ta ce lokaci ya yi. Na kwashe su na ce gobe zan dawo mu ƙarasa, saura ido saba'in da tara, kada ya yi lalaci. Har na kai labule ina jin farcensa a kan teburin, inda gwangwanin yake ɗazu.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe shida da kwata na safe

Waya ta yi ƙara. Tsohuwa ta ɗauka. Ta zauna a bakin gado.

Na riga na feƙe tsinke biyar.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Mutane da yawa a zaman makoki. Ban san yana da jama'a haka ba. Yayan Auta ya riƙe hannuna ya ce kullum babansu yana zancena. Na ce zancen me. Ya ce gada.

Ba a buɗe ɗakin ƙungiya ba yau.

Talata, 26 ga wata, da rana

Rana ta fito, garau, ba danshi ko kaɗan. Ranar fesa banish.

Alhamis, 28 ga wata, da hantsi

Na ce bari in mayar wa Auta gwangwaninsu. Na fito da sojojin, na kwashe audugar, na juya shi don in kaɗe. Takardar nan ta faɗo.

Fom ɗin ne. Na farkon. Ga shaidar babban yatsana a gefe da jan fentin mota, ga tabon ƙasar gareji. Layin farko sunansa da biro, da irin rubutunsa mai kwanciya. Layi na biyu na ɗauka ba komai. Sai da na kai taga na sa gilashin da nake duba fuskokin soja.

Sunana ne. Da fensir, siriri, da ƙyar ake gani. Manyan baƙaƙe a rarrabe, yadda yake zana min a tuta. Daidai inda ya ɗora yatsa ya ce, nan, Janar.

Da na bi sawun da biro, makanikan da mai motar da sun ga mutum ya rubuta sunansa.

Ba wanda ya karanta min. Ni na karanta.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe huɗu

Na tambayi tsohuwa ko ta sani. Ta ce ita jefarwar kawai ta sani. Na buga wa Ciyaman waya, ya ce ya sani tun ranar, Akawu ya nuna masa. Na ce shi ne ka yi shiru shekara goma sha ɗaya? Ya ce sau nawa ya ce in zauna, ina ɗaukar hula. Na kashe wayar. Wannan ba amsa ba ce. Mutum takwas a ɗaki, ba wanda zai tare ƙofa? In dawakaina sun shigo ta hagu ya iya faɗa, wannan ne bai iya ba?

Na ɗauki biro sau uku na ajiye. In na bi sawun yanzu wa zan miƙa wa? Sojojin suna nan a kan benci, talatin da tara ba ido, ɗaya yana kallona da ido guda a karkace. Tela ya ce zai gwada sa musu. Na ce ya taɓa su ya gani.

Kai Akawu, da kai nake, ba Ciyaman a tsakani. Shekara goma sha ɗaya kana da baki lafiya lau. Duk Asabar kana zaune tsallaken tebur, tsakanina da kai tef ɗaya bai cika ba. Ka iya cewa a gaya wa Janar na gani. Me ya hana ka ce a gaya wa Janar ya duba takardar da kyau? Ka san ni. Ka san ba na duba abu in raina ya ɓaci. Da ka zo gida sau biyu aka ce ba na nan, me ya hana ka zo na uku? Ka ajiye ta ƙarƙashin sojoji kana jiran me? Sai da bakin ya tafi sannan za ka zo kana min ƙwanƙwasa gwangwani, ni kuma in tsaya ina ba ka tsinke?

Gobe Asabar. Zan je in shimfiɗa takardar nan a kan gada, in jera masu gadinka a kanta, in ja kujerata in zauna. Ba mai auna tef, ba mai jefa ƙwaya. Na yi maka fentinka, na kai maka har gado, na kira sunanka da bakina. Saura kai. Ka ba ni amsa.